Ranar da Gwadabe Ya Ɓata Jan Ƙarfe

Gwadabe maƙerin fari ne a Dutse, zamanin da Nasara ba su daɗe da zuwa ba. Ɗan guntu ne, ga surutu, ga cika baki. Amma a kan jan ƙarfe, wallahi ba a ja da shi. Sai ya narka shi a kasko, ya kwashe dattin da ya taso, ya dama da ɗanyen reshe har ya tace. In ya huce ya lanƙwasa shi, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Kashi uku yake yi: na ɗaya na munduwar mata, na biyu na kayan doki, na uku kuwa sai dai a rataya wa akuya. Mutane ma haka yake kasa su, kuma duk garin shi kaɗai ne na ɗaya.

Ran nan Falalu, ƙanin matarsa Iyatu, ya shigo da wani abu a naɗe cikin tabarma. Jan ƙarfe ne siriri, ja wur, ga laushi.

"Kai, ina ka samo wannan?"

"Yaya, a daji na ga an shanya shi kan sanduna, ba mai tsaro."

Wayar tangarahun Nasara ce fa! Gwadabe ya yi kamar bai gane ba. Ya ƙera wa Iyatu munduwa, ya bi kasuwa rumfa rumfa yana cewa a zo a ga na ɗaya.

Ba a jima ba aka ji dogarai suna bin maƙera da guntun waya, duk inda aka ga irinta, wanda ya kawo zai sha bulala ya tafi gidan yari. Iyatu ta cire munduwar ta ajiye a gabansa.

"Maigida, ƙanena ne."

Binnewa ba ta yiwuwa, kowa ya riga ya ga munduwar. Gwadabe ya hura wuta, ya narka abarsa, ya zuba mata dalma da tarkace, yana yi yana tsine wa Falalu. Ya sake zuba ta yadda take.

Da dogarai suka iso, rabin unguwa na biye da su. Babbansu ya lanƙwasa waya, ta bi hannunsa. Ya ɗora munduwa kan uwar maƙera ya buga, ta karye ƙas.

"Wannan ce ta ɗayan taka?"

Gwadabe ya ce, "Ta uku ce, ranka ya daɗe. Cika baki na yi."

Wayyo, dariya har da masu zama a ƙasa! Falalu ya tsira, amma daga ranar mata suka daina kawo wa Gwadabe aiki, kuma bai taɓa gaya wa kowa gaskiyar magana ba.

Da Falalu ya zo godiya, Gwadabe ya bi shi da awartaki har ƙofar zaure, sannan ya tsaya yana haki, ido cike da ƙwalla.

"Ɗan banza! Tunda nake ban taɓa riƙe ƙarfe mai kyansa ba, ka sa na kashe shi da hannuna."