Mai Layi, Wanda Ya Zauna a Gurbina

Kafin maƙwabtansa su buɗe shagunansu, Mai Layi ya riga ya share shagonsa na waya, ya jera kujerun roba a bakin ƙofa, ya jona cajoji. Masu fara zuwa tsofaffin unguwa ne, waɗanda 'ya'yansu ke ƙasashen waje. Kowa da ƙorafinsa: murya na yankewa, hoto ya tsaya cak, data ta ƙare ba a yi sallama ba. Sai ya karɓi wayar, ya gyara zaman tabarau, ya latsa nan ya latsa can. Da zarar kira ya shiga, sai ya fita ya tsaya a rana don kada ya ji sirrin mutane.

Yanzu idanunsa sun gaji, zai bar wa ƙaninsa shagon. Ni da nake aikin jinya a wata ƙasa mai nisa, na ga dole in jinjina masa, duk da cewa kishinsa nake yi.

Ina dalili ba zan yi ba? Shi ya saka wa Baba manhajar da muke magana da ita, amma in na kira, rabin hirar a kansa take ƙarewa. Mai Layi ya ce kaza, Mai Layi ya hana kaza. In na kawo shawara, sai Baba ya ce bari ya ji ta bakinsa tukuna, kamar ba ni aka haifa a gidan ba.

Da ƙafafun Mama suka daina ɗaukarta, Baba ya ga keken marasa lafiya a wani shafin gwanjo na intanet. Bai gaya mini ba, wai kada ya ɗora mini nauyi. Ya taya, aka ce shi ya yi nasara. Sai mai sayarwar ya kira shi da daɗin baki, ya ce su bar shafin, ya tura masa kuɗin kai tsaye yau-yau, in ba haka ba wani zai ɗauka. Baba ya garzaya shago a tura masa.

Mai Layi ya ƙi. Telan da ke kusa da shi ne ya ba ni labari: ya duba ya ga asusun mutumin sabo ne fil, ba wanda ya taɓa saye a hannunsa, hoton keken kuma yana wasu shafukan da sunaye daban-daban. Baba ya fusata, ya ce matarsa na rarrafe a gida, shi kuma yana masa iyayi.

"Baba, in zagina za ka yi, zage ni," in ji Mai Layi. "Amma ka ce ya kunna bidiyo, ya juya tayar keken mu gani."

Da Baba ya kira ya faɗa masa haka, mutumin ya kashe waya, bai ƙara ɗauka ba.

Mai Layi ya nemo wani mai sayarwa da jama'a suka shaida, aka biya ta cikin shafin, inda ake riƙe kuɗi sai kaya sun iso. Da keken ya zo, shi ya ɗaura shi da hannunsa. Ranar suka kira ni, na ga Mama a ƙofar gida tana shan iska, hannayen da ke tura ta kuwa ba nawa ba ne.

"Kin ga ɗana?" in ji ta.

Na yi dariya. Da kiran ya ƙare, na shiga ɗakin canza kaya na asibiti na sha kuka.

Mai Layi, kai ne ka ga fushin Baba ido da ido, ka shanye. Kai ne ka san nauyin Mama a kan gangaren ƙofarmu, abin da ni ban sani ba. Garkuwar tsofaffi, na gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idanunka haske.

Ku masu shagunan waya, in tsoho ya zo muku a gigice zai tura kuɗi, ku zaunar da shi ku duba tukuna, ko da zai zage ku. Mu da ke nesa za mu ji haushi wani ya riga mu, amma da hannu biyu za mu karɓa.