Man Riɗi a Goshin Baba

Wata Asabar cikin sanyin shekarar 2003, ina share ƙanƙara a bakin gidanmu na haya a Springfield, kusa da Washington, sai ga taksin Baba ta shigo gabanta a lotse. Gyangyaɗi ne ya ɗauke shi a wurin fitilar hanya, ya daki bayan wata mota. Mai taksin ya ce in aka sake, zai karɓe makullinsa, ga shi motar nan ce cinmu da shanmu. Tun da muka baro Maraɗi barci ya ƙaurace wa Baba. Maganin likita kuma kashe masa jiki yake yi, ba ya iya tuƙi.

Ina da shekara goma sha biyar, karatun makaranta bai shiga kaina ba, amma hannuna na jin aiki. Ni ke wanke taksi, ni ke kai wanki ɗakin injuna na ƙasa, in na gama mu buga ƙwallo da yaran Gana a filin ajiye motoci. Ni ne kuma ke ɗaukar wa maƙwabcinmu kayan cefane, wani tsoho Ba'indiye da muke kira Malam Raman. A ɗakinsa na ga wata 'yar tukunya a rataye, an huda gindinta. Mutum zai kwanta rigingine, man riɗi mai ɗumi na tsiyaya a goshinsa kamar zare, har ya manta da duniya. Da tsohon ya ga motar, ya ce a kawo masa Baba. Baba ya dafe hularsa ya ce, "Tun da na girma, in ba wanzami ba, ba wanda ya ga tsakar kaina."

Na ƙudurta a raina sai man nan ya hau goshinsa. Kullum da yamma ina wurin Malam Raman. Turancina guntu ne, nasa kuma da sauri, don haka da ido na koya. Ya nuna mini a gwada ɗumin mai a wuyan hannu, a riƙa kai tukunya dama da hagu a hankali, kada zaren ya tsinke. Na yi ta gwadawa da ruwa a kan ƙwallona, in hannuna ya yi rawa tsohon ya buge shi da cokali. Da na ƙware, Inna ta huda ƙwaryar da ta zo da ita daga gida, sannan ta tari Baba. Ya ce ina aka taɓa ganin ɗa ya tsaya a kan ubansa? Ta ce, "Malam, ka manta gidan da ka auro ni? Jikan wanzamai ne wannan. Ba ɗanka zai taɓa ka ba, wanzaminka ne."

Bayan azahar ya cire hula ya kwanta a tabarma, fuska a murtuke. Inna ta miƙo mai daga madafa. Ashe ita ba ta san a ɗora mai a wuta ba a jefa albasa ba, ta soya shi sarai kamar za ta yi miya, ta bari ya huce. Yana sauka a goshinsa Baba ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Wanzami, da tuwo za a ci ni ko da shinkafa?" Dariya ta kusa kayar mini da ƙwarya, amma na cije, ban bar zaren ya tsinke ba. Ina kallo jijiyar goshinsa ta kwanta, yatsunsa suka saki, sai minshari. Inna ta kora ƙannena waje, ta cire wayar gida daga bango. Ranar sai ramuwar la'asar ya yi. Daga nan kowace Asabar ya kan ce a kira masa wanzami, kuma ya ci gaba da tuƙinsa har ya ajiye don kansa.

Tuni Baba ya rasu, Malam Raman ma ya koma ƙasarsu. Ni ke tuƙi yanzu, da yamma ina zuwa ajin manya, har na kai ina rubuta wannan da hannuna. A cikin Washington ina wuce shagunan da ake wannan aiki da kyandir da kiɗa mai sanyi. 'Ya'yana kuwa wasa suke da furfurata ba tare da neman izini ba. Na shekara da shekaru ina riƙe da ƙwaryar nan, amma har yau ban san yadda man yake ji a goshi ba.