Ranar da Baba Ya Tsaya a Bayan Raga

Asabar ce, bayan an gama cire gyaɗa, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Ni ban yi boko ba, da irin waɗannan abubuwa nake riƙe shekaru, kuma ba sa ɓace mini. Ina da kamar shekara goma, na ɗauko farantin dafaffiyar gyaɗa a ka na nufi filin firamaren garinmu, sai na tarar da abin da ban saba gani ba. An share filin tas, an ja layuka da toka, an ɗaura sabuwar raga a jikin sandunan da kullum suke tsaye haka nan. A gindin darbejiya an ajiye benci, a kansa wani baƙo mai farar riga da usur a wuya yana ta goge gumi. Kocin kulob ɗin wata masaƙa ce ta birni, ya zo neman mai tsaron gida, kuma mutum ɗaya zai ɗauka. Wanda ya dace ya samu aiki a masaƙar, da ɗakin kwana, da takalmin ƙwallo, ya huta da fartanya. Samari biyu za a gwada: yayana Haruna, da Sabo ɗan gidan mahauta.

A tsakar gidanmu Yaya Haruna ya koyi kama ƙwallo, kuma ni ce shaida, don ni nake jefa masa. Muna da rumbuna biyu da suke kusa da juna, tsakaninsu ne ragarsa. Da yamma, idan na gama surfe na cika randunan Inna da ruwa, ƙawayena suna ƙofar gida suna carafke, shi kuwa sai ya kira ni ya miƙo mini dunƙulen tsumma da ya ɗaure da igiya. Idan tsumman ya warware mu koma goruba. In jefa sama, in jefa ƙasa, in yi kamar zan jefa dama in karkata hagu, duk a banza, hannunsa yana can yana jira. Kaji su watse, akuya ta tsinke igiya, Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Idan kuka fasa mini tukunya, ku biyun za ku kwana da yunwa." Baba kuwa bai hana ba, bai kuma taɓa tsayawa ya kalla ba. Abin da yake cewa kullum shi ne, "Wannan tsalle-tsallen ba ya zuba hatsi a rumbu." Da asuba kuma ya tasa Haruna gaba su tafi gona.

Sai na faɗi yadda gidanmu yake, in ba haka ba yaran yanzu ba za su gane abin da ya faru ba. A gidanmu ba a ɗaga murya a gaban Baba. Ba duka yake yi ba, ni ban taɓa ganin ya ɗaga hannu a kan kowa ba, tarbiyyar ce haka. Idan ya shigo zaure hira ta mutu. Haruna, ƙato da shi, durƙusawa yake yi, idonsa a ƙasa, amsarsa ba ta wuce "to, Baba." Sunan Baba kuwa ba ma faɗarsa, har yau da furfurata ban faɗa ba, kuma ba zan fara a nan ba. To amma a fili Haruna wani mutum ne daban. Muryarsa har bakin kasuwa ake jin ta. Babban mai tsaron baya na ƙungiyarsu magidanci ne, tela, kuma sunansu ɗaya da Baba, don haka Haruna yake kiransa Mai Suna. Kullum ina tallata ina jin, "Mai Suna, dama! Mai Suna, bar mini, tawa ce!" Da wannan muryar yake juya 'yan bayansa yadda yake so.

Ranar gwajin an raba samari gida biyu, Haruna a raga ɗaya, Sabo a ɗaya. An fara kenan, Haruna ya kama ƙwallaye masu zafi, muryarsa na tashi, na ga baƙon ya gyara zama. Can sai na hango Baba ya ɓullo ta hanyar gona, fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa duk ƙasa. Daga baya na ji Inna ce ta roƙe shi ya je ya ga ɗansa ko sau ɗaya. Bai san dokar wasa ba, bai san inda 'yan kallo suke tsayawa ba, sai ya yi abin da kowane uba zai yi, ya nemi inda ya fi kusa da ɗansa. Ya zagayo ya tsaya a bayan raga, kusa ƙwarai, ya jingina fartanyarsa da ƙafa. Ƙwallo ta fita waje, Haruna ya juya zai ɗauko, suka haɗa ido. Na ga yayana ya rusuna kaɗan ya sunkuyar da kai. Daga nan ban sake jin muryarsa ba.

Hannunsa bai canza ba, duk abin da ya zo masa kai tsaye yana kamawa. Amma 'yan bayan sun saba da a gaya musu, sai suka rikice suna waiwayensa. Aka bugo wata ƙwallo sama, Haruna ya fito, Mai Suna ma ya tashi zai sa kai. Na ga bakin yayana ya buɗe, babu abin da ya fito. Suka yi karo suka zube, ƙwallo ta gangara a hankali ta shiga raga ta tsaya dab da ƙafar Baba. A ɗaya gefen kuwa Sabo yana ta zuba ihu, yana zagin sa'annin yayyensa, an ci shi ma har fiye da Haruna, amma ba wanda zai ce bai san yana wurin ba. Da aka tashi baƙon ya dafa kafaɗar yayana ya ce, "Hannunka ya fi nasa, samari, amma gola sai da baki." Ya tafi da Sabo. A hanyar gida Baba yana gaba muna biye, sai da muka kusa ƙofa ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Ashe haka kake kamawa." Haruna ya ce, "To, Baba."

Shekaru garinmu yana sake wannan zaɓen. A teburin mai shayi, inda ake taruwa jin wasa a rediyo, da zarar an ce an zura wa kulob ɗin masaƙa ƙwallo sai wani ya buga tebur ya ce, "Da Haruna suka ɗauka da ba haka ba!" 'Yan unguwar mahauta su ce ƙarya ne, gola ba liman ba ne da zai tsaya shiru ana bin sa. Sabo ya yi 'yan shekaru gwiwarsa ta lalace, masaƙar ma ta rufe, kulob ya watse, amma gardamar ba ta watse ba. Ni ma na daɗe ina riƙe da baƙon nan a zuciya. Me zai hana ya kwana ya sake gwada su da safe? Da ya tambayi ko mai tallan gyaɗa, ai da na gaya masa yayana yana da baki. Abin da ya fi taɓa ni, Baba da kansa ya shiga sahun masu ganin laifin koci. Mutumin da ba ya maganar ƙwallo sai ga shi yana ce wa abokansa, "Baƙon nan bai san aikinsa ba, na ga yaron da idona." Mu da muka san abin da ya rufe bakin Haruna ba wanda ya taɓa gaya masa, har Allah ya karɓi ransa. Haruna ya gaji gonar, ya aurar da mu, ya riƙe Inna.

Yanzu ina Riyad ta Saudiyya, a unguwar Al-Badi'a, gidan ɗana Aminu da yake aikin jinya a wani asibiti. Jikokina maza biyu Larabcinsu ya fi Hausarsu, kuma ba su da zance sai na kulob ɗin da suke so, wai an yi kuskure da aka sayar da wani gola aka sayo wani. A gaban ubansu suke wannan ihun, ƙafafu a kan kujera, shi ma yana taya su, har su ce masa bai san komai ba. Ni ba na barin haka ta wuce, ina tsawatarwa. Bara Yaya Haruna ya zo a duba masa ido, muka ɗauko shi a filin jirgin Sarki Khalid, tsoho mai sanda. Wata rana bayan la'asar, mun dawo daga unguwar Manfuha sayen kuka da daddawa, muka tarar yaran sun kaure da gardamarsu, sai na ba su wannan labari. Babban ya matso kusa da Haruna, da karyayyiyar Hausarsa ya ce, "Kaka, kocin ya yi kuskure, sah, ko ba haka ba?" Haruna ya murza gemu ya ce, "Bai yi ba, abin da ya gani ya faɗa. Ku kuna ta lissafin abin da na rasa. Ni kuwa ranar ce kaɗai Baba ya ga na kama ƙwallo."

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Aminu ya kai mu inda ƙaramin yake wasa, fili mai koriyar shimfiɗa da waya zagaye. Yaron ya hango ubansa a bakin waya, ya ɗaga hannu ya ƙwala masa kira da ƙarfi, "Baba, shuf, kalle ni!" Na buɗe baki zan ce wace irin tarbiyya ce wannan, sai na ga Yaya Haruna yana murmushi yana share idonsa mai ciwo. Mu mun girmama iyayenmu da shiru, kuma ban ce mun yi kuskure ba. Amma ranar ban tsawatar ba.