Kukumar da Muka Kaɗa Mu Biyu

Shekarun baya, ina ɗan sha uku, lokacin ba a rushe gidanmu na unguwar Nakkasa, can ƙasa mai tsarki, ba, na ga wasu samari a waya. 'Yan wata ƙasa ce mai sanyi, wai Istoniya, sun tono kayan kiɗan kakanninsu suna koyo. Na kai wa kakana wayar don in tsokane shi.

"Ya jaddi, dubi kakannin mutane. Kai ban da tari me za ka bar mana?"

Bai yi dariya ba. Ya ce in jawo akwatin da ke ƙarƙashin gadonsa. A ciki akwai kukuma: 'yar ƙwarya da sanda da tsirkiya ɗaya, fatarta a yage. Ta mahaifinsa ce. Da ita ya ciyar da su a hanya, tun daga Sakkwato har bakin teku, sa'ad da suka taho Hajji a ƙafa. Akwai wani kiɗan tafiya da ya ce duk duniya a yatsunsa kaɗai ya rage.

"Samo mini fatar damo in koya maka," in ji shi.

Ni ban san damo ba, na dai ji an ce ƙaton ƙadangare ne. Kwana uku ina dutsen bayan gida da kwali da zare. Wanda na kama, a bakina ya kai kada, a idon mahaifiyata kuwa bai wuce cokali ba. Na shiga da shi ina taƙama.

Ban taɓa ganin fuskar kakana haka ba.

"A Harami aka haife ka, ba ka san ba a farauta a nan ba? Yalla, mayar da shi inda ka ɗauko shi."

Na mayar, har haƙuri na ba shi da Larabci.

Sai da muka jira wata bakwai kafin wani alhaji ya zo mana da fatar daga Nijar. Kafin nan ciwo ya shanye hannun hagun kakana, wanda yake danna tsirkiya da shi. Na ce shi ke nan. Ya ce in rufe masa baki.

Shi a ransa bai yarda ya yi kiɗa a cikin Harami ba, saboda haka kawuna mai tasi yake fitar da mu bayan iyakar Haramin duk Juma'a da la'asar. Mu shimfiɗa tabarma, in zauna a hagunsa. Shi yana goga izga da dama, ni ina danna tsirkiya, yana faɗa mini yatsan da zan sa.

"Na tsakiya, ya walad! Kuka nake so ta yi, ba atishawa ba."

Ranar da kiɗan ya fito daidai, kawuna ya juya mana baya, ya daɗe yana goge gilashin motar da ba ta da datti.

Juma'a tara muka samu. Ta goma a makabarta muka yi ta.

Har yau kukumar tana wurina, kuma yatsun haguna ba su manta komai ba. Sai dai ban taɓa tambayarsa yadda ake jan izgar ba, don na ɗauka kullum yana nan a damana. Yanzu nake koya wa hannun damana, ni kaɗai, a hankali.