Ranar da Muka Tambayi Baba Iro a Gaban Surukinsa

Duk daɗewar da na yi a aikin nan, ban taɓa mantawa da ranar da muka je Abakpa wurin Baba Iro kafinta ba. Ku da kuka shigo daga baya kun tarar da akwatunan ƙarfe a sito, kuna zaton da su aka gina kamfanin. To, ba haka abin yake ba.

A da, kayan motocin da muke haɗawa, tun daga inji har ƙofa da gilashi, cikin manyan akwatunan katako suke zuwa. In an kwashe kayan sai a jibge katakon a bayan sito, Baba Iro ya zo ya ɗebe. Tun kafin a ɗauke ni aiki yake wannan. Ba sayar masa ake yi ba, taimakonmu ma yake yi, don in ba shi ba sai dai a cinna wa tulin wuta, unguwa ta sha hayaƙi. Da katakon yake yin benci da kujerar tsuguno da teburin mai shayi, ya sayar da araha. Shi da magidantan da ke aiki a ƙarƙashinsa, duk a shagon nan suke cin abinci.

Ni lokacin ƙaramar jami'a ce a sashen hulɗa da jama'a. Ga wanda bai sani ba, aikinmu shi ne duk abin da ya haɗa kamfani da maƙwabta: rijiyar burtsatse, gyaran aji, dashen itatuwa, da shan zagi in wani abu ya ɓaci.

Bayan wata ƙaramar salla umarni ya zo daga sama cewa an daina katako. Akwatunan ƙarfe masu naɗewa za a koma wa, a kwashe kaya, a mayar da su, a sake cikowa. Kada wani ya fita ya ce ni Hajiya Rabi na kushe tsarin. Tsari ne mai kyau. A sare itace don akwatin da zai yi tafiya ɗaya tak, ai ɓarna ce. Kuma kamfani yana da ƙa'ida: kafin a canja abu, sai an je an tambayi wanda abin zai shafa. In ya ce zai cutu, dole a nema masa mafita. In ya ce ba komai, magana ta ƙare.

Ni da Injiniya Kabiru, shugaban sashen kula da muhalli, aka tura. Mutumin kirki ne, sai dai gaggawa, ko shayi a tsaye yake sha. Direban da aka ba mu Lawal ne, wani mai shiru-shiru. Muna isa na ga Lawal ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaida Baba Iro kansa a ƙasa, sannan ya koma gefe ya tsaya. Na tambayi wata mai ƙosai a wurin, ta ce ai 'yar Baba yake aure. Gabana ya faɗi. Ga kuma mai unguwa da maƙwabta sun taru, don motar kamfani ba ta zuwa a ɓoye.

Na matsa kusa da Injiniya na ce a hankali, "Yallaɓai, mu aiki Lawal wani wuri, mu shiga daga ciki da Baba."

Ya ce, "Hajiya, ƙa'ida ta ce a bainar jama'a. Ba na son gobe a ce mun yi ƙus-ƙus."

Ya yi bayani tiryan-tiryan, da ladabinsa, sannan ya ce, "Baba, in katakon nan ya daina zuwa, zai cutar da sana'arka?"

Baba Iro ya dubi ragowar katakon da ke jingine a bango. Ya ɗan juya wajen da Lawal yake tsaye, ya kawar da kai. Ya ce, "Ba komai, Injiniya. Dama kyauta ce, mai kyauta kuwa in ya daina ba a tuhumarsa. Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri."

"Ka tabbata, Baba?"

"Bakin da Allah ya tsaga ai ba ya hana shi abinci."

Jama'a suka ce haka ne. Baba Iro ya aika aka sayo mana lemo mai sanyi, ni dai ban iya sha ba.

Tunda Lawal ke tuƙi, na bar maganar sai mun koma. Muna shiga ofis na rufe ƙofa na ce, "Yallaɓai, dattijon da ya ba mutum 'ya ba zai buɗe baki a gabansa ya ce zai rasa abinci ba, ko wuƙa aka sa masa a wuya."

Ya ce, "Ni ma Bahaushe ne, Hajiya. Amma me zan kai sama? Abin da ya faɗa a gaban shaidu, ko abin da kike jin yana nufi?"

Na koma Abakpa ni kaɗai a keke napep, na roƙi Baba ya bari a sake zama. Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, magana zarar bunu ce. In faɗa a gaban mai unguwa, in dawo in lashe? Allah ya yi miki albarka, je ki aikinki."

Sai na bi ta wata hanya. Kamfani kan raba benci ga makarantun firamare a Malali da Unguwar Dosa, wani babban ɗan kwangila ke yi. Na nemi a ba Baba Iro wani kaso, a saya masa katakon. Gaskiya Injiniya ya tsaya mini a kan wannan. Amma kun san tafiyar ofis: wannan taro ya miƙa wa wancan, mai sa hannu ya tafi hutu, damina ta shigo ta fita. A tsakanin nan labari yake iso ni. Katakon kasuwa ya fi ƙarfin Baba, masu sayen bencinsa kuma talakawa ne da suka saba da araha. Mutanensa suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da aka amince, da gudu na sauko, har mayafina na faɗuwa. Lawal na tarar a bakin mota. Na ce, "Malam Lawal, tashi mu je Abakpa, albishir zan kai wa Baba."

Ya shiga ya zauna, bai tayar da motar ba. Ya ce Baba ya rufe shago, ya sayar da zarto da sauran kayan aiki, ya koma ƙauyensu wajen Zariya. Can hawan jini ya kayar da shi, hannun dama ya shanye.

Lawal ya ce, "Da zai tafi ya ce wa matata, ranar nan ya so ya yi magana, amma mijinta na tsaye." Ya kifa kansa a sitiyari. "Hajiya, ni fa ladabi na je yi. Da na sani da na zauna a mota."

Ban taɓa ganin namiji yana kuka irin wannan ba. Ni ma na zauna na yi nawa. Har yau in na tuna, zuciyata ciwo take yi. Babu mugu ko ɗaya a cikinmu, amma dattijo ya rasa sana'arsa. Aikin bencin wani aka ba.

Mu a wannan sana'a mun iya auna hayaƙi, mun iya tace ruwan fenti kafin ya shiga kwata, kuma ya kamata mu iya. Amma muhallin da muke cewa muna karewa da mutane a cikinsa, mutanenmu kuwa sun gwammace su kwana da yunwa da su faɗe ta a gaban taro. Don haka in an tura ku tambayar wani ko zai cutu, kafin ku buɗe baki, ku fara duba wa ke tsaye a wurin.