Malam Mudassiru da Wayoyin Kwalekwale

Kullum in an idar da sallar asuba, Malam Mudassiru yakan ɗauko tsofaffin wayoyinsa da ya caja da sola, ya naɗe su a tsumma, ya hau keke daga Kende zuwa garinmu Kurgu. Malamin lissafi ne a firamare, ya daɗe yana koyarwa, bana ya yi ritaya. Ni Tasallah, karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma abin da na gani da idona zan faɗa.

Shekarar da 'yan bindiga suka tare hanya suka kashe maigidana Ango yana dawowa daga kasuwar Lolo, iyaye suka janye yara daga makaranta. Ba wanda ya ga laifinsu. Malam sai ya riƙa bin yaran gida. Ba ya shiga cikin gida wajen mata, a zaure yake shimfiɗa tabarma. Ina cikin takaba, ta bayan zana nake jin su.

A cikin wayoyin akwai wasan da wani tsohon ɗalibinsa ya sa masa, ba ya buƙatar sabis. Kwalekwale ne zai haye kogin Kwara. Lissafi ya fito, yaro ya danna amsa. In daidai ne kwalekwale ya matsa, in an kuskure ya kife. Malam yana ta nanata musu cewa a lissafi abin da aka rufe cikin baka biyu ake farawa da shi, sai sau da rabawa, sannan tarawa da ɗebewa.

"Sau ya girmi tarawa," in ji shi, "shi aka fara zuba ma tuwo."

Ɗiyata Husna tun rasuwar babanta ta daina magana, sai dai ta kaɗa kai. Malam bai taɓa matsa mata ba. Yakan ajiye waya kusa da ƙafarta ya juya ga sauran yara. A hankali ta fara dannawa.

Amma gari ya riga ya cika da zargi. Kowa na cewa akwai mai ba 'yan bindiga labari, kuma mutum mai yawo ƙauye-ƙauye da wayoyi da yawa abin tsoro ne. Ga shi a nan in ka matsa kusa da iyaka waya takan kama sabis na ƙasar Benin, saƙo ya shigo da Faransanci. Wani ya hango irin wannan saƙo a wayar Malam, ya kai magana.

Ranar da 'yan sa-kai suka zo zaurenmu da hantsi, na laɓe bayan zana ina leƙe. Na san abin da ake yi wa wanda aka kira ɗan leƙen asiri. Ba a kai shi gaban alƙali. Shugabansu Gidaɗo, ƙanen maigidana ne, idonsa ja wur.

"Malam, lambobin mi ne waɗanga? Gidaje kaka ƙirgawa ko shanu?"

"Gidaɗo, zamna ka danna da hannunka."

"Ban zo wasa ba."

"To danna kana tsaye."

Yara sun manne a bango. Gidaɗo ya karɓi wayar yana harara. Biyu a tara da uku sau huɗu. Ya danna ashirin, kwalekwale ya kife, wayar ta yi ƙarar ruwa. Wani daga bayansa ya ɗaga bindiga don firgita. Sai na ji muryar da na daɗe ban ji ba.

"Baffa, sha huɗu ne. Ka nutsar da mutane."

Gidaɗo ya dubi Husna, ɗiyar yayansa. Duk da haka sun tafi da wayoyin, suka ce sai manya sun bincika. Na ɗauka Malam ba zai sake tako Kurgu ba, kuma da ban ga laifinsa ba. Washegari ya zo hannu wofi, ya zana kwalekwale a ƙasa da tsinke. Ya yi karatun har ƙarshe. Da aka dawo da wayoyin, ɗaya ta fashe, bai tambayi kowa dalili ba.

Malam, kai ne ka zauna a ƙofar gidan da mutane ke tsoron zuwa gaisuwa. Gwanin haƙuri, uban marayu. Ba ka dawo mini da Ango ba, ba mai iyawa sai Allah, amma Husna tana gardama da ƙannenta yanzu, har nakan ce ta yi shiru. Na gode. Allah Ya saka maka, Ya tsare gabanka da bayanka.

Ritaya ba ta zaunar da shi ba, har yau yana zuwa, hanyar kuma ba ta gyaru ba, masu zargi ma ba su ƙare ba. In rana ta ɗaga ban ji shi a zaure ba, nakan aiki yaro ya duba hanya. Don haka ina roƙon mutanen Kende da Kurgu, mai tsohuwar waya ya kai masa, wanda ya iya lissafi ya zauna da yaran unguwarsu. Wanda kuma ba shi da ko ɗaya, in ya ga dattijon nan a kan keke, ya raka shi har ya wuce dajin da ke tsakaninmu, don a ga ba shi kaɗai ba ne.