Ranar da jirgin maigidana ya tsallaka Nijar

Muna bakin wani tafki a iyakar Jibiya, zamanin da kuɗin fetur ke sa maza sayen shirme, maigidana injiniya ya saki ɗan jirgin ruwansa mai rimot. Wata uku ya yi yana haɗa sitiyarin da wayar laima, ashe a baibai ya ɗaura. Ya murɗa dama, jirgi ya yi hagu, sai Nijar.

Wani jandarma, jami'in tsaron Nijar, ya tare jirgin da ƙafa a ɗaya gaɓar. "In naka ne, tuƙa shi gida, ko in kama."

Maigida ya murɗa, jirgi ya sake tunkuyar takalmin jandarma.

Jandarma ya dube ni. "Madam, haka yake tuƙin mota?"

Na ce, "A tasi muka zo."

Dariya ce ta ƙwato mana jirgin.

Ku ma akwai injiniya a gidanku?